Daɓen Ɗakin Kausar

Zulkiflu ya gama jami'a da takardar lisans a adabin Faransanci, ya dawo gida unguwar Habbena a Njamena ya zauna jiran aiki kamar yadda sa'o'insa suke zaune. Gidansu gidan mahauta ne tun zamanin da kakan ubansu ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya kafa teburin nama ya yi aure. Amma Zulkiflu ko wuƙa ba ya taɓawa. Cewa yake ƙarnin jini yana hana shi tunani. Naman dai yana ci, kuma in an zuba miya shi ne mai tsince tsoka.

Yayarsa Hanatu malamar Faransanci ce a wata makarantar unguwa. Tana aure bayan layinsu, kullum da la'asar takan leƙo ta gaida Inna. Ita ce ta fara cin karo da wasu littattafai a wajen masu shimfiɗa tsofaffin takardu a bakin babbar kasuwa. Wani Bature ya gama aikinsa ya bar ƙasar, kwalinsa ya faɗo hannunsu, cike da labaran mutanen Japan da aka juya zuwa Faransanci. Ta ɗauki wasu, ta karanta a hutu, ta ji daɗinsu, ta jera su a kan kabad. Zulkiflu ya zo cin abincin rana ya kwashe su, washegari ya je kasuwa ya kwaso ragowar.

Iri biyu ne littattafan. Akwai na kisan kai, inda wani ɗan sanda mara aure, mai ciwon ciki, yake bin sawu cikin ruwan sama har ya gano mai laifi. Akwai kuma na biranen nan gaba, inda hukuma take karɓe sunan kowa a ƙarshen shekara ta ba shi sabo, maƙwabci ba ya sanin maƙwabci. Kafin zafin watan Afrilu ya kama, Zulkiflu ya zama wani mutum daban. Ya sayo baƙar kwat a gwanjo, yana sa ta da tsakar rana, gumi na bin ƙeyarsa. Ya daina sa sukari a shayi, yana kurɓa yana yamutsa fuska yana cewa haka ake sha a can. In an yi masa magana sai ya yi shiru tukuna, ya kalli bango, sannan ya amsa da Faransanci. Ya zauna a gidan da ko shiga bayi sai an bi layi, yana ba Hanatu labarin kaɗaicin ɗan Adam a babban birni, bakinsa cike da tuwon Inna.

Mutanen Njamena, a cewarsa, ba su iya shiru ba, ba su iya lura ba, ba su da zurfin ciki. Ya san sunayen tashoshin jirgin ƙasa na Tokyo a jere, amma in aka aike shi unguwar Gassi a gefen gari sai ya tambayi yaron mota inda zai sauka. Hanatu ta taɓa gaya masa cewa abin da yake taƙama da shi, wani Bafaranshe ne ya tauna ya ba shi, kuma ko sunayen mutanen ciki bai san yadda ake furta su ba. Ya yi murmushin tausayi, ya ce ita karatun nishaɗi take yi, shi kuwa nazari yake. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ya miƙo mata kwanon da ya gama da shi.

Da abin ya tsaya a kwat da shayi mai ɗaci, da babu wanda ya cutu sai shi.

Suna da ɗan baffa mai suna Yunusu, ɗan Baffa Ilyasu. Yunusu dillalin shanu ne, ya fara gini a Gassi ya tare a ɗaki ɗaya da matarsa Kausar da 'yarsu Lubna, ɗaki na biyu ana kan aikinsa. Kausar 'yar Damagaram ce. Ba ta da kowa a Cadi sai mijinta, Larabcinta kuma bai nuna ba, don haka ba ta cika shiga hirar matan unguwa ba. Tana yin kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa a ƙofar gida, magina da leburorin da suka cika Gassi suna zuwa su ci da rana.

A tsakiyar damina Yunusu ya tafi kasuwar Durbali sayen shanu. Da farko ana samunsa a waya, sai wayar ta daina shiga. Ba wanda ya tada hankali, don an san yadda hanya take in ruwa ya sauka. Mako ya wuce, wani ya kama. Baffa Ilyasu ya shiga tambayar direbobi, wannan ya ce ya gan shi a kasuwa, wancan ya ce bai gan shi ba. Gidan Habbena ya cika da masu jaje da masu addu'a.

Kausar ta zo Habbena ta zauna wuni guda wajen surukanta, ta koma Gassi ta ci gaba da hura wuta, don in ba ta yi kisra ba babu abin da za su ci ita da yarinya. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi birgima ba. A cikin kwanakin nan ne maginin da Yunusu ya yi magana da shi kafin ya tafi ya zo yin daɓen ɗaki na biyu, ya ce in aka ƙara jira sumuntin zai daskare a buhu saboda laima. Ta bar shi ya yi aikinsa.

Ranar da Zulkiflu ya ji zancen daɓen, Hanatu tana wurin. Ta ga yadda ya ajiye kofin shayi a hankali, idonsa ya yi wani ƙyalli da ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka ba shi lisans. Washegari da sassafe ya sa kwat ya hau bas ɗin Gassi.

Abin da ya yi a can, daga baya ta tattara shi daga bakin mutane. Ya fara da mai shagon kusa, ya rage murya, ya tambaye shi yaushe rabonsa da Yunusu, kuma shin da idonsa ya ga fitarsa ko dai matar ce ta ce ya tafi. Ya shiga gidan maƙwabta ya tambayi matar gidan ko tana jin rigima ta katanga. Ya nemo magini a wani gini, ya ja shi gefe, ya tambaye shi yadda ya tarar da ƙasan ɗakin. Magini ya ce ya tarar an cike da yashi an daddale, matar ce ta yi ta jido shi da kwano ita kaɗai don aiki ya yi sauri. Zulkiflu ya maimaita kalmar ita kaɗai har sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ce wa magini kada ya gaya wa kowa sun yi magana. Kafin azahar duk layin ya sani.

Sannan ya je gidan. Kausar ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta zubo masa kisra da miya, ga leburori zaune suna ci. Ya ɗauki kwanon, ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe yana kallon miyar, ya ture ta gefe da yatsa biyu. Ya tashi daga tabarmar. Ya leƙa sabon ɗakin, ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da bayan hannu, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya fita.

Da yamma ya zo gidan Hanatu, ya zauna ya shimfiɗa mata abin da ya kira jerin hujjoji. Mace ce mara magana. Baƙuwa ce, ba a san tarihinta ba. Mijinta ya ɓace ba ta yi kuka ba. Tana sarrafa abinci. Ta rufe ƙasan ɗaki da sumunti. Ya ce a duk abin da ya karanta, mai shiru ita ce ake dubawa a ƙarshe, alhali ita ya kamata a fara dubawa.

Hanatu ta bar wankin shinkafar da take yi. Ta ce, "Zulkiflu, direbobi sun ga Yunusu a Durbali."

"Direba ɗaya, Yaya. Kuma daga nesa."

"Yarinyar nan ba ta da uwa a garin nan, ba ta da uba. In ka ɓata mata suna, babu mai wanke ta. Ka cire wannan rigar ka je ka yi wanka, warin gumi kake."

Ya ce shi bai zargi kowa ba, tambaya kawai yake yi, kuma al'ummar da take tsoron tambaya ta riga ta mutu ba ta sani ba. Ta ce in ya sake taka Gassi za ta gaya wa Baffa. Bai sake takawa ba a makon. Wajen Shu'aibu ya je, ƙanen Yunusu, mahauci mai saurin fushi wanda tun ɓacewar yayansa bai yi barcin kirki ba, ya zauna da shi a bayan rumfar nama ya jera masa hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya.

A Gassi kuwa leburori suka ɗauke ƙafa. Kausar takan yi kisra ta jera, ta zauna har la'asar, ta kwashe ta mayar ciki. Mata suka riƙa kiran 'ya'yansu in sun ga Lubna ta fito wasa. Mai kawo ruwa a kura ya riƙa wuce ƙofar kamar bai ji kira ba.

Ranar wata Asabar da hantsi wayar Hanatu ta yi ƙara. Kausar ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yaya, sun zo da diga." Ta kashe wayar.

Hanatu ta yafa mayafi ta fita. Bas ɗin da ta hau ya yi ta tsayawa yana cika yana saukewa, ya maƙale a taɓo a hanya, fasinjoji suka sauka suka tura. Ƙarshen tafiyar a kan babur ta yi ta, zanenta ya yi kaca-kaca. Tun daga nesa ta hango jama'a a ƙofar gidan, yara a kan katanga, wasu samari sun ɗaga waya suna ɗauka.

Ta kutsa ta shiga. Daɓen ya riga ya zama tarin ɓaraguzai a tsakar gida. Shu'aibu da wasu maza biyu suna cikin rami har ƙugu, suna watso jar laka waje. Zulkiflu yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat, hannu a aljihu, yana nuna musu kusurwar gabas da haɓa. Ko cebur bai riƙe ba. Kausar tana zaune a gindin murhu, Lubna a cinyarta, ta rufe wa yarinyar fuska da gefen mayafi.

Ba su sami komai ba sai ruwa, wanda ya riƙa tsattsafowa daga ƙasa har ya kai musu ƙwauri. Shu'aibu ya jefar da diga, ya fito ya zauna a kan bulo, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Mutane suka fara ja da baya. A nan ne Zulkiflu ya gyara murya, ya ce da Faransanci, yadda samarin masu waya za su ji, rashin samun gawa a nan shi kansa abin dubawa ne, domin yana nuna wanda ya yi aikin ya san za a tona.

Hanatu ta matso har tana jin warin kwat ɗin. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma da Hausa ta yi maganar, ta kuma maimaita da Larabci don kowa ya ji.

"Wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, bai taɓa ciyar da kowa ba, ko kazar gidanmu ta mutu ba ya iya kallo. Tatsuniya ya karanta, ya zo ya rushe ɗakin mutane. Ku kuma da gemunanku kuka bi shi. Ku fita."

Suka fita. Zulkiflu ya so ya yi magana, ta nuna masa ƙofa da hannu, ya bi sahu. Ta kwana biyu a Gassi tare da Kausar, suna kwashe ɓaraguzai da kwano. A kwanakin nan Kausar ba ta ambaci abin da ya faru ba ko sau ɗaya. Abin da ta roƙa kawai shi ne a rufe ramin da langalanga kada Lubna ta faɗa.

Yunusu ya dawo bayan hanya ta buɗe, a bayan motar shanu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wayarsa ta faɗa ruwa a wata mashaya, zazzaɓi mai tsanani ya kayar da shi a rugar wasu Larabawa makiyaya, su suka yi jinyarsa. Ya ba wani mai babur saƙo ya kawo Habbena, saƙon bai iso ba. Ya shiga gidansa yana dogara sanda, ya ga rami cike da koren ruwa a inda ya bar ɗaki. Da aka gaya masa dalili, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon matarsa.

Baffa Ilyasu ya tara 'yan'uwa a Habbena. Shu'aibu ya durƙusa gaban yayansa da Kausar yana kuka, ya ce a yafe masa, hankalinsa ne ya gushe. Da aka zo kan Zulkiflu, ya miƙe tsaye ya fara da cewa yana farin ciki da sakamakon bincike ya wanke wadda ake zargi, kuma a ƙasashen da suka ci gaba ba a ɗaukar tuhuma a matsayin cin mutunci. Baffa ya ce ya zauna. Ya yanke cewa shi da Shu'aibu za su cike ramin su sake daɓen da hannunsu, sannan Zulkiflu ya bi gida-gida a layin ya ce ƙarya ya yi.

Ramin dai an cike, mafi yawan aikin Shu'aibu ya yi, don Zulkiflu hannunsa ya yi bororo tun ranar farko ya koma riƙe bokiti. Bin gida-gida kuwa, Hanatu ta raka shi don ta tabbata. A kowane gida sai ta taka masa ƙafa kafin kalmar ƙarya ta fito daga bakinsa, in ta fito kuma sai ya lulluɓe ta da bayani har mai gidan ya rasa ko haƙuri ake ba shi ko darasi.

Bai yi amfani ba. Gassi ta riga ta ɗanɗana labarin, ba ta son a ƙwace mata. Waɗanda suka ce ta kashe shi suka koma cewa asiri ta yi masa, shi ya sa ya ɓace ya dawo kamar ƙashi. Leburori ba su dawo ba. Hoton ramin yana ta yawo a wayoyi har a unguwannin da ba a san su ba. Da kaka ta yi, Yunusu ya sa ɗan haya a gidan da ya gina da guminsa, ya kama ɗaki a unguwar Tukra kusa da masu lambu, suka koma can. Da Shu'aibu yana gaisawa sama-sama. Zulkiflu kuwa, Yunusu ya ce kada ya sake ganinsa a inda yake.

Hanatu ta kai musu ziyara bayan sun zauna. Kausar ta sake kafa murhu a bakin hanya, ɗalibai da masu lambu suna saye, ba kamar da ba amma ana ci. Bayan azahar, kasuwa ta lafa, suna zaune suna gyaran kuɓewa, sai Kausar ta ce tana so a ba ta labarin littafin. Hanatu ta ce wane. Ta ce wanda aka ga kamarta a ciki.

Hanatu ta so ta kauce, amma ta ga da gaske take. Ta ba ta shi da Hausa, yadda ta tuna. Matar wani mai gyaran agogo ce a wani gari mai tsananin sanyi. Mijin ya ɓace, ta ce wa mutane ya tafi neman aiki, ashe yana ƙarƙashin ɗakin da suke ajiye gawayi. Shekara da shekaru tana gyara masa shimfiɗa kamar zai dawo, har wani ɗan sanda ya gano.

Kausar ta tambaya ko da gaske matar ce ta kashe shi. Hanatu ta ce ita ce. Ta tambaya yadda ɗan sandan ya sani. Hanatu ta ce ya yi ta zuwa gidanta, yana zama, tana dafa masa shayi, yana sauraronta, har ranar da ta gaya masa da bakinta, da abin da mijin ya yi mata, da yadda abin ya auku.

Kausar ta yanke kan kuɓewa ta jefa a kwano.

"Ya sha shayin?"

"Ya sha."

"To. Ita da ta yi kisan ma."

Ta tashi ta duba wuta, ta kira Lubna ta zo ta gaida gwaggonta da kyau.

Da Hanatu ta koma Habbena ta tarar da Zulkiflu a zaure da wasu samari biyu da suka gama makaranta tare, yana gaya musu ya fara rubuta littafi da Faransanci, a kan wani mai bincike da al'ummarsa ta kasa fahimta. Ya ce labarin a wani gari na bakin teku a Japan zai faru, don a nan babu yanayin da ya dace. Da ya gan ta ya ce in ya gama babi na farko zai ba ta ta duba masa nahawu. Ta ce ba ta da lokaci, jarrabawar yara ta matso. Ta wuce ciki ta gaya wa Inna cewa Kausar tana gaishe ta, Lubna ta yi tsawo, Yunusu kuma ya fara maida jiki.